Rabon Taurari a Burujai da Ma'anar Ƙabuli a Tsohon Ilmin Nujumu

Tambaya: Malam, ina nazarin wani tsohon kundi na Larabci a kan ilmin nujumu, a cikinsa akwai jadawali mai ɗauke da baiti, sharafi, musallasa, haddi, wajhi, wabali da hubuɗi, kuma marubucin yana yawan ambaton ƙabuli, wato karɓar da wani tauraro ke yi wa wani. Na lissafa wani misali na dare, inda Wata yake digiri 8 na Hamal, Mirrihu kuma yake digiri 12 na Saraɗan. Wata manhajar waya ta ce tunda kowannensu yana gidan ɗan'uwansa, to kamar kowa ya koma gidansa ne. Haka abin yake a wurin magabatan fannin?

Amsa: Ɗan'uwa, ba haka magabatan wannan fanni suka fahimci abin ba, kuma kafin ka ga dalili sai mun bi jadawalin nan naka ɗaya bayan ɗaya, sannan mu iso ga ƙabuli. Amma ina so matsayina ya fito fili tun daga farko. Abin da zan yi bayani shi ne yadda masu wannan sana'a suka gina tsarinsu, domin wanda yake karanta tsoffin kundaye dole ne ya fahimci abin da marubuci yake nufi, ko da bai yarda da shi ba. Malamanmu sun raba sanin taurari kashi biyu. Akwai sanin tafiyarsu, wanda da shi ake gane alƙibla da lokutan salla da ƙaratowar damina, kuma jumhurun malamai sun halatta wannan. Akwai kuma da'awar cewa tsayuwar tauraro a wani wuri ita ke hukunta abin da zai sami mutum, wannan kuwa jumhurun malamai sun hana shi, kuma hadisin Zaidu ɗan Khalid al-Juhani da ke cikin Buhari da Muslim, game da ruwan da aka yi da dare a Hudaibiyya da masu jingina ruwan sama ga tauraro, sananne ne a wannan babi. Jadawalin da ke hannunka na kashi na biyu ne, don haka ka karanta shi da idon mai nazarin tarihin ilmi.

Tsarin gaba ɗaya yana kan tambaya guda ce: wannan wuri da tauraro yake tsaye a kai, na wane ne? Taurarin da ake lissafi da su bakwai ne, wato Rana da Wata da Uɗaridu da Zuhura da Mirrihu da Mushtari da Zuhalu, burujai kuma, wato sassan da'irar sama da taurarin ke bi, goma sha biyu ne, kowanne digiri 30. Kowane digiri a cikin 360 yana da masu haƙƙi a kansa ta fuskoki biyar, kuma wannan haƙƙi shi ne rabon tauraro a wurin.

Rabo na farko kuma mafi girma shi ne baiti, wato gida. An ba Rana Asad, aka ba Wata Saraɗan, sauran biyar ɗin kuma kowanne ya sami gida biyu. Uɗaridu yana da Jauza da Sunbula, Zuhura tana da Saur da Mizan, Mirrihu yana da Hamal da Aƙrab, Mushtari yana da Hutu da Ƙaus, Zuhalu kuma yana da Dalwu da Jadyu. Ba sai ka haddace wannan kamar karatun allo ba, domin yana da tsari mai sauƙi. Baɗlaimus, masanin taurari wanda ya rayu a Iskandariyya a ƙarni na 2 na miladiyya, ya bayyana shi da cewa Saraɗan da Asad su ne burujan tsananin zafi da tsawon yini a ƙasashen arewa, shi ya sa aka ba fitilu biyu na sama, wato Rana da Wata, su. Daga nan sai aka jera sauran bisa nisansu, ɗaya a gefen Asad ɗaya a gefen Saraɗan. Uɗaridu, wanda ba ya nisa da Rana fiye da kimanin digiri 28, ya sami burujan da ke maƙwabtaka da su. Zuhura ta sami na gaba, waɗanda suke da tazarar digiri 60 daga gidajen fitilun, Mirrihu ya sami masu tazarar 90, Mushtari masu tazarar 120, Zuhalu kuma, da yake shi ne mafi nisa kuma ana danganta shi da sanyi, ya sami burujan hunturu da ke fuskantar gidajen fitilun kai tsaye. Daga nan ne ma'anar kallon da taurari ke yi wa juna ta samo asali a wurinsu: tasdisi (tazarar digiri 60) da taslisi (tazarar 120) kallon zumunci ne saboda tazarar Zuhura da Mushtari ce, tarbi'i (tazarar 90) da muƙabala (tazarar 180) kuma kallon gaba ne saboda tazarar Mirrihu da Zuhalu ce. Burjin da ke fuskantar gidan tauraro shi ne wabalinsa, kamar Rana a Dalwu ko Wata a Jadyu.

Rabo na biyu shi ne sharafi, wato wurin ɗaukakar tauraro, kuma ya fi baiti tsufa ta wata fuska, domin a rubuce-rubucen Babila an sami wuraren da ake kira ɓoyayyun gidajen taurari, kuma galibinsu sun dace da waɗannan burujai. A littattafan Larabci sharafi yana da digiri ayyananne. Rana tana da digiri 19 na Hamal, Wata 3 na Saur, Uɗaridu 15 na Sunbula, Zuhura 27 na Hutu, Mirrihu 28 na Jadyu, Mushtari 15 na Saraɗan, Zuhalu 21 na Mizan, kuma wasu jadawalai suna ƙara Ra'asu a digiri 3 na Jauza da Zanabu a 3 na Ƙaus, wato wurare biyu da hanyar Wata ke ƙetare hanyar Rana. Kishiyar sharafi ita ce hubuɗi, a burjin da ke fuskantarsa, saboda haka Mirrihu yana faɗuwa a Saraɗan, Zuhalu a Hamal, Rana a Mizan, Mushtari a Jadyu, Zuhura a Sunbula, Uɗaridu a Hutu, Wata a Aƙrab. Ka riƙe na Mirrihu da kyau, domin shi ne jigon misalinka.

Akwai wata ƙa'ida a ɓoye a cikin sharafi da ya kamata ka lura da ita. Taurarin da ake ƙidaya a na yini, wato Rana da Mushtari da Zuhalu, sharafin kowannensu yana taslisi da ɗaya daga gidajensa: Hamal da Asad, Saraɗan da Hutu, Mizan da Dalwu. Na dare kuma, wato Wata da Zuhura da Mirrihu, sharafinsu yana tasdisi da ɗaya daga gidajensu: Saur da Saraɗan, Hutu da Saur, Jadyu da Aƙrab. Uɗaridu, wanda ba shi da ɓangare tsayayye, sharafinsa yana cikin gidansa. Masanan Indiya sun yarda da burujan amma sun saɓa a wasu digirori, inda suka sa Rana a 10 na Hamal, Mushtari a 5 na Saraɗan, Zuhalu a 20 na Mizan. A aikin yau da kullum kuwa yawancin masu fannin suna ɗaukar burjin gaba ɗayansa a matsayin sharafi, sai masu rubuta ɗalasimai ne suke jiran digirin kansa. Ta wannan ƙofa ce ma irin waɗannan jadawalai suke bayyana a kundayen ƙasarmu, kuma malamin nan na Katsina, Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta al-Durr al-Manzum a kan wannan reshe, yana bin sawun littafin al-Sirr al-Maktum da ake dangantawa ga Fakhruddin al-Razi.

Rabo na uku shi ne musallasa. An raba burujai goma sha biyu rukuni huɗu na uku-uku: na wuta su ne Hamal da Asad da Ƙaus, na ƙasa Saur da Sunbula da Jadyu, na iska Jauza da Mizan da Dalwu, na ruwa Saraɗan da Aƙrab da Hutu. A tsarin Dorosiyus mutumin Saida, wanda ya yi waƙarsa ta nujumu a ƙarni na 1 kuma Umar ɗan al-Farrukhan al-Ɗabari ya mayar da ita Larabci daga Fahlawiyanci, tsohon harshen Farisa, wajen shekarar 800, kowane rukuni yana da iyayengiji uku: na yini, na dare, da abokin tarayya. Na wuta Rana ce da Mushtari da Zuhalu, na ƙasa Zuhura da Wata da Mirrihu, na iska Zuhalu da Uɗaridu da Mushtari, na ruwa Zuhura da Mirrihu da Wata. Shi ya sa ka yi daidai da ka ambaci cewa misalinka na dare ne, domin ba a iya karanta wannan layi na jadawali sai an san ko Rana tana saman ƙasa ko tana ƙarƙashinta. Baɗlaimus ya fifita Mirrihu a kan rukunin ruwa, kuma jadawalan Turai na baya da suka bi shi sun ba Mirrihu rukunin dare da rana.

Rabo na huɗu, wato haddi, shi ne inda ya kamata ka tsaya ka yi nazari sosai, domin a nan ne za ka gane mazhabar marubucin kundinka. An yanka kowane burji gida biyar marasa daidaito, an raba su ga taurari biyar ban da Rana da Wata. A tsarin da ake kira na Misirawa, wanda yawancin masanan Larabci suka bi, Hamal yana farawa da digiri 6 na Mushtari, sai 6 na Zuhura, 8 na Uɗaridu, 5 na Mirrihu, 5 na Zuhalu. A kowane burji yankin ƙarshe na Mirrihu ne ko na Zuhalu. Idan aka tara rabon kowane tauraro a burujai duka, Zuhalu yana da 57, Mushtari 79, Mirrihu 66, Zuhura 82, Uɗaridu 76, jimla 360, kuma waɗannan lambobi su ne kuma abin da suke kira manyan shekarun taurari a lissafin tsawon rai. Baɗlaimus bai gamsu da tsarin Misirawa ba, yana ganin ba shi da ƙa'ida bayyananna, sai ya kawo wani da ya ce ya samo a wani tsohon rubutu da ya lalace, inda Hamal ya zama 6, 8, 7, 5, 4. Idan ka duba layin Hamal a kundinka ka ga 6, 6, 8, 5, 5, marubucin yana kan tsarin Misirawa, in kuwa ka ga 6, 8, 7, 5, 4, ya bi Baɗlaimus. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin digiri 12 na Saraɗan da ka ambata haddin Zuhura ne a tsarin farko, haddin Mushtari ne a na biyu.

Wannan saɓani yana daga cikin manyan raunukan fannin, kuma ban ga yadda za a kare shi ba. Idan har haddi wani abu ne da ke sama da gaske, to da gwaji ya raba gardama tun ƙarnoni da suka wuce, amma jadawalan sun ci gaba da tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowa yana riƙe da wanda ya gada daga malaminsa. Ibn Khaldun ya keɓe babi a Muƙaddimarsa don rushe sana'ar nujumu, kuma daga cikin hujjojinsa akwai cewa rayuwar mutum ba ta kai tsawon da za a gwada irin waɗannan da'awoyi ba. Al-Biruni kansa, wanda ya rubuta al-Tafhim a Gazna a 1029 cikin salon tambaya da amsa kuma ya jera jadawalan nan da kyau, bai ɓoye ƙarancin amincewarsa da hukunce-hukuncen taurari ba.

Rabo na biyar, wajhi, shi ne mafi rauni. Kowane burji an raba shi uku, digiri goma-goma, ya zama 36, ana farawa da Mirrihu a farkon Hamal, sai Rana, Zuhura, Uɗaridu, Wata, Zuhalu, Mushtari, a sake komawa kan Mirrihu har a ƙare da shi a ƙarshen Hutu.

Lambobin da ka saba gani, 5 ga baiti, 4 ga sharafi, 3 ga musallasa, 2 ga haddi, 1 ga wajhi, sun shahara ta hanyar littafin gabatarwa na al-Ƙabisi, wanda ya yi aiki a Halab a fadar Saifud Daula a ƙarni na 10. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, amfanin farko na lambobin shi ne gano wanda ya fi haƙƙi a kan wani digiri, wanda ake kira mubtazzi. Ɗauki digiri 8 na Hamal. Da dare, Mirrihu yana da 5 na baiti da 1 na wajhi, jimla 6, Rana tana da 4, Mushtari 3, Zuhura 2, saboda haka Mirrihu ne mubtazzi. Da yini kuwa Rana tana haɗa 4 na sharafi da 3 na musallasa ta sami 7, ta rinjayi mai gidan kansa. Tauraron da ba shi da ko ɗaya daga rabo biyar ɗin a inda yake tsaye ana kiransa garibi, kuma haka Wata yake a misalinka.

Kada ka ɗauka cewa yawan rabo yana nufin alheri. Rabo yana nuna cewa tauraro yana da ikon tafiyar da al'amarinsa da kayan kansa, ba tare da dogaro da wani ba. Ko zai iya aiwatar da komai kuwa wani lissafi ne dabam, wanda ya danganta ga ko yana kan ɗaya daga turaku huɗu na zanen sama da aka lissafa, wato mafitar gabas, tsakiyar sama, mafaɗar yamma da ƙarƙashin ƙasa, ko yana tafiya gaba ko yana komawa baya a ganin mai kallo daga ƙasa, ko hasken Rana ya ƙone shi saboda kusancinsa da ita. Lokacin da Halifa al-Mansur zai aza harsashin Bagadaza a 762, masu nujumunsa, ciki har da Naubakht da Masha'allah, sun zaɓi sa'ar da Ƙaus yake fitowa daga gabas Mushtari kuma yana cikinsa, wato sun haɗa masa abu biyu, yana gidansa kuma yana kan turke.

Yanzu sai ƙabuli. Hoton da magabata suka yi amfani da shi shi ne na baƙo da mai masauki, kuma idan ka riƙe shi ba za ka ɓata ba. Tauraro mai sauri yana tafiya zuwa ga kammala kallo da tauraro mai nauyi, ta haɗuwa a digiri ɗaya ko ta tasdisi ko tarbi'i ko taslisi ko muƙabala, kuma wannan tafiyar ita ce ittisali. Idan mai saurin yana tsaye a wurin da mai nauyin yake da rabo a cikinsa, to mai nauyin ya karɓe shi, domin baƙo ne da ya sauka a gidansa kuma ga shi ya zo gaishe shi. Sharuɗɗa biyu ke nan, zama a rabon wani da kuma saduwa da shi. A wurin Masha'allah, wanda ya keɓe littafi guda ga wannan mas'ala da ya wanzu a fassarar Latin, da Sahlu ɗan Bishr na ƙarni na 9, ƙabuli yana cikin babin ittisali ne. Baƙon da ya kwana a gidan mutum alhali mai gidan bai gan shi ba, bai kuma san da zuwansa ba, ba a cewa an karɓe shi. Saboda haka Wata a Hamal da Mirrihu a Saur, burujai biyu maƙwabta da ba sa kallon juna, ba su da ƙabuli a wannan ma'ana, duk da cewa Wata yana gidan Mirrihu kuma Mirrihu yana sharafin Wata.

Kuskuren da na fi gani a wurin masu fara karatu shi ne juya alƙiblar abin. Mai wuri shi ke karɓa, wanda yake zaune a wurin shi ake karɓa. Idan Zuhura tana Ƙaus tana ittisali da Mushtari, Mushtari ne ya karɓi Zuhura, ko a ina shi yake tsaye. Kuma yawancin ƙabuli a tsoffin littattafai na ɓangare ɗaya ne, ba a shardanta cewa sai kowa yana wurin ɗan'uwansa ba. Idan hakan ya faru ƙari ne a kan asali. Ƙabuli cikakke shi ne na baiti ko na sharafi. Na ƙananan rabo bai kai wannan ba, kuma Gido Bonatti na Italiya a ƙarni na 13 ya shardanta a haɗa biyu daga cikinsu, kamar musallasa da haddi, kafin a kira shi cikakke.

Abu Ma'ashar al-Balkhi, wanda ya rasu a 886, ya ƙara rarrabe abin da mai ittisali yake miƙawa. Idan yana wurin wanda yake tunkara, yana miƙa masa ɗabi'arsa ne, wato yana kai masa abin da dama nasa ne, kuma wannan shi ne yanayin ƙabuli. Idan kuwa yana cikin rabon kansa, yana miƙa ƙarfinsa ne, kamar Wata a Saraɗan yana tunkarar wani tauraro. Yanayi biyu ne dabam, kuma wanda ya cakuɗa su zai karanta hukuncin marubuci a juye.

Akwai kuma kishiyar ƙabuli, wadda manhajojin zamani ba su cika kawowa ba, alhali Sahlu ya yi mata bayani dalla-dalla. Ɗaya daga cikin nau'o'inta shi ne tauraro ya tunkari wani daga burjin hubuɗin wanda ake tunkarar, kamar Wata a Hamal yana ittisali da Zuhalu, ko a Jadyu yana ittisali da Mushtari, ko a Saraɗan yana ittisali da Mirrihu. Wanda ya fito daga wurin faɗuwar mutum ya zo masa da buƙata, a ganinsu, kamar wanda ya fito daga gidan abokan gabarsa ne. Ka lura da yadda abin yake da laushi: Wata ɗin nan naka a digiri 8 na Hamal, idan Mirrihu yake tunkara an karɓe shi, idan Rana yake tunkara an karɓe shi ta sharafi, idan kuwa Zuhalu ne an juya masa baya, alhali shi bai motsa daga inda yake ba.

Abin da manhajar ta gaya maka yana da tushe, amma tushe ne na baya. Wiliyam Lili na Ingila, a littafinsa na 1647, ya bayyana ƙabuli a matsayin zaman taurari biyu kowanne a rabon ɗan'uwansa, kuma a jadawalinsa na maki ya ba irin wannan ta baiti maki 5, daidai da zama a gidan kai, ta sharafi kuma 4. Daga nan hanya ta buɗe ga marubutan baya da suka ce taurarin sun yi musayar wuri, har wasu suka riƙa karanta zanen kamar kowanne ya koma gidansa. Sai kuma aka gano sababbin taurari, Yuranos a 1781, Neftun a 1846, Fuluto a 1930, aka raba musu Dalwu da Hutu da Aƙrab, abin da ya rushe jerin gida bibbiyu da na bayyana maka a sama. Idan manhajar tana amfani da waɗannan uku a matsayin masu gida, to ita da kundinka ba yare ɗaya suke yi ba, kuma bai kamata ka auna ɗaya da ɗaya ba.

Mu lissafa misalinka yadda mai bin Sahlu zai lissafa shi. Wata yana digiri 8 na Hamal, Mirrihu yana 12 na Saraɗan, tsakanin burujan akwai tarbi'i, kuma saura digiri 4 kallon ya cika. Da yake Wata yana cin kimanin digiri 13 a kwana guda, cikin awa bakwai zuwa takwas zai cim masa, saboda haka ittisali ya tabbata. Wata yana gidan Mirrihu kuma yana wajhinsa, don haka Mirrihu ya karɓe shi cikakken karɓa. Mirrihu kuma yana gidan Wata, don haka ƙabulin ta ɓangare biyu ne, kuma wannan shi ne mafi ƙarfin nau'insa. Har zuwa nan manhajar ba ta yi ƙarya ba. Inda ta kauce shi ne cewa kowa ya koma gida. Wata yana nan a matsayin garibi, ba shi da komai nasa a Hamal. Mirrihu yana nan cikin hubuɗinsa, kuma a digirin da yake tsaye baiti na Wata ne, sharafi na Mushtari, haddi na Zuhura, wajhi na Uɗaridu, abin da ya rage masa kawai shi ne musallasar dare. Da misalin na yini ne, a tsarin Dorosiyus ko wannan ma sai ta koma hannun Zuhura. A lissafin Lili za a ba Mirrihu 5 na ƙabuli da 3 na musallasa, a cire 4 na hubuɗi, ya rage 4, kuma wannan lamba guda ta haɗiye bayanin da magabata suka fi damuwa da shi, wato cewa mai karɓar yana da niyya amma hannunsa ba shi da ƙarfi.

Abin da ƙabuli yake canzawa a wurinsu shi ne halin da ke tsakanin taurarin biyu. Mirrihu ɗaya ne daga nahisai biyu, wato taurarin da suke dangantawa da sharri, shi da Zuhalu, tarbi'i kuma kallon gaba ne, saboda haka in babu ƙabuli za su karanta wannan saduwa a matsayin cutarwa da lalacewar buƙata. Da ƙabuli kuwa sai su ce nahisin ya janye sharrinsa daga wanda ya karɓa, buƙatar za ta biya, amma da wahala da ja-in-ja saboda tarbi'i, kuma abin da za a samu zai gaza abin da aka sa rai saboda mai bayarwar yana cikin faɗuwarsa. Da a ce Wata ya wuce digiri 12 ya kai 14, to ya shiga insirafi, wato rabuwa, kuma za su ce al'amarin ya riga ya wuce, sai a duba tauraron da Wata zai tunkara a gaba.

Abu ɗaya ya rage da ba ka ambata ba, kuma hukuncin marubucinka zai iya juyawa a kansa, shi ne inda Rana take. Magabata suna da babin da suke kira raddi, wato mayarwa: idan tauraron da ake tunkara yana komawa baya ko kuma hasken Rana ya ƙone shi, ba ya iya riƙe abin da aka miƙa masa, sai ya mayar wa mai shi, ko da ya karɓe shi da farko. Mirrihu yana komawa baya na tsawon kwana 60 zuwa 80 a kusan kowane wata 26, a lokacin da yake fuskantar Rana. Idan a zanenka Rana tana Jadyu, wanda zai sa daren ya zama wajen bakwai ga watan Hijira tunda Wata yana Hamal, to Mirrihu yana komawa baya. Idan tana Saraɗan kusa da digiri 12, wanda zai sa daren ya zama wajen ashirin da biyu ga wata, to Mirrihu a ƙone yake. A duka yanayin biyu ƙabulin yana nan a jadawali, amma mai bin Sahlu ko Abu Ma'ashar zai rubuta cewa an mayar da al'amarin ga Wata, sannan ya koma ya duba ko Wata yana kan turke ko ya faɗi daga turaku kafin ya ce mayarwar ta gyara ce ko ta ɓarna.